Bayan Dariya, Ina Kuɗin?

Yau za mu tsaya a kan wani abu da kusan kowa ke yi, amma ba kasafai ake auna shi ba, wato dariyar da muke kecewa da ita duk lokacin da aka ce wasu maƙudan kuɗi sun yi ɓatan dabo a kamfani ko banki ko ma'aikata.

A watan Fabrairun 2018 labari ya ɓulla daga ofishin hukumar JAMB da ke Makurdi a jihar Binuwai. Masu binciken kuɗi sun nemi naira miliyan 36, kuɗin katin rajista da aka sayar wa ɗalibai, sai aka ruwaito cewa ma'aikaciyar da kuɗin ke hannunta ta ce maciji ne ya haɗiye su. Nan take ƙasa ta ɗauka. Masu zanen barkwanci suka zana maciji da ƙaton ciki, wani ya buɗe wa macijin shafi a Twitter yana magana da yawunsa, Sanata Shehu Sani kuma ya kwashi masu wasa da maciji ya kai su hedikwatar hukumar a Abuja. Da shekara ta zagayo, bayan ƙaramar Sallah ta 2019, aka nemi naira miliyan 6 da dubu 800 a gidan zu na Kano aka rasa, aka baza cewa goggon biri ne ya lanƙwame su, har gwamnan jihar na wancan lokaci ya fito ya ce ai babu goggon biri ma a gidan. A 2022 kuma jaridu suka ruwaito cewa an faɗa wa wani kwamitin Majalisar Dattawa gara ta cinye takardun da ke nuna yadda aka kashe sama da naira biliyan 17 a asusun inshorar ma'aikata na NSITF.

Duk wanda ke saurarena ya san waɗannan dabbobi uku. To amma in na tare mutum a bakin kasuwa na ce ya gaya mini yadda ko ɗaya daga cikin maganganun nan ta ƙare, wa aka gurfanar, nawa aka ƙwato, zai yi wuya ya iya ba ni amsa. Wannan shi ne abin da ke damuna. Labarin maciji ya fito ne daga wani babban bincike da aka fara bayan Farfesa Ishaq Oloyede ya karɓi ragamar JAMB a 2016. A 2017 kaɗai hukumar ta mayar wa baitulmalin gwamnatin tarayya naira biliyan 7 da miliyan 800, abin da ba a taɓa ganin kwatankwacinsa daga gare ta ba. A 2021 hukumar ICPC ta gurfanar da wani tsohon shugaban JAMB kan zargin da ya kai kimanin naira biliyan 5. Tambayar da ta kamata ta hana mu barci ita ce ina irin waɗannan biliyoyi suke zuwa a shekarun baya. Amma hankalinmu ya tafi wajen maciji da miliyan 36, muka yi dariya muka ƙoshi, muka tashi. Hausawa sun ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, kuma mu da kanmu muka taya naɗewa.

Kada wani ya ɗauka ina ƙyamar raha. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa akwai gaskiyar da ba ta faɗuwa gaban mai ƙarfi sai an lulluɓe ta da wasa. Maroƙi yana da zambo, mata suna da habaici, 'yan kama sun iya juya waƙar yabo ta koma abin dariya, yara kuma daga goma ga watan azumi suna zagayawa gida-gida da tashe suna kwaikwayon marowaci da maƙaryaci da mai son banza, manya suna kallo suna gane kansu. Mun taso da tatsuniyar Gizo, wanda wayonsa kan kai shi ya baro. A rediyo da talabijin mun ga yadda marigayi Usman Baba Pategi ya yi amfani da Samanja wajen nuna halin masu kaki, mun ga yadda marigayi Rabilu Musa Ibro yake ɗaukar abin da ke damun talaka ya mayar da shi wasa ba tare da ya rage masa nauyi ba. Wannan gado ne mai daraja, kuma yana da aiki na musamman a yaƙi da ɓarawon biro.

Dalili kuwa shi ne, ɗan fashi bindiga yake buƙata, shi kuwa ɓarawon biro mutunci yake buƙata. Jarinsa shi ne kwat da ofis mai gilashi da lambar yabo da hoto tare da manya. Idan babu waɗannan, babu mai miƙa masa sisi. Bernard Madoff na Amurka ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq, attajirai har roƙonsa suke yi ya karɓi kuɗinsu ya juya. Wani masanin lissafin kuɗi mai suna Harry Markopolos ya fara kai ƙorafi ga hukumar sa ido tun shekarar 2000 cewa ribar da Madoff ke nunawa ba za ta yiwu ba, aka yi biris da shi. Sai a Disamban 2008 asiri ya tonu, aka gano kusan dala biliyan 65 da ke rubuce a takardun masu zuba jari babu su, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 150. A Jamus, kamfanin Wirecard ya shiga sahun manyan kamfanoni 30 na kasuwar hannun jarin ƙasar a 2018. Da 'yan jaridar Financial Times suka fara bankaɗo ƙaryar da ke cikin littattafansa, hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi ta Jamus ƙarar 'yan jaridar ta kai. A watan Yunin 2020 kamfanin ya amsa da bakinsa cewa yuro biliyan 1 da miliyan 900 da ake cewa suna ajiye a bankunan Filifins da alama ba su taɓa wanzuwa ba. A duka biyun, hujja tana nan tun da wuri. Kwarjini ne ya hana a duba ta. Kuma babu abin da ke zubar da kwarjinin ƙarya da sauri kamar dariyar jama'a.

Inda na fi ganin wannan a fili shi ne Malesiya. A 2009 gwamnatin firaminista Najib Razak ta kafa wani kamfanin zuba jari mallakar ƙasa mai suna 1MDB, aka ce zai kawo ci gaba. Kamfanin ya ciyo bashin biliyoyin daloli da sunan ƙasa, kuma a lissafin ma'aikatar shari'a ta Amurka kimanin dala biliyan 4 da rabi aka karkatar. Hanyar da kuɗin suka bi mai sarƙaƙiya ce, daga wannan kamfanin bogi zuwa wancan, daga wannan tsibiri zuwa wancan banki, ta yadda ko mai digiri a fannin sai ya zauna da alƙalami. 'Yan jarida sun yi nasu aikin. Shafin Sarawak Report da jaridar The Edge sun bi diddigi, a watan Yulin 2015 kuma jaridar Wall Street Journal ta buga cewa kusan dala miliyan 700 sun shiga asusun firaministan na kansa. Aka ce kyauta ce daga gidan sarautar Saudiyya, babban lauyan gwamnati ya wanke shi a farkon 2016, aka dakatar da jaridu, aka toshe shafukan intanet.

A nan ne masu zane suka shigo. Wani mai zanen barkwanci da ake kira Zunar ya duƙufa yana zana uwargidan firaministan, Rosmah Mansor, da tulin gashi da ƙaton zoben lu'ulu'u da jakar hannu mai tsada, a gefe kuma talaka da aljihu a zazzage. An haramta littattafansa, an sha kama shi, an hana shi fita ƙasar waje, a 2015 aka tuhume shi da laifuka 9 na tunzura jama'a waɗanda hukuncinsu zai iya kaiwa shekara 43. Wani mai zane kuma, Fahmi Reza, ya ɗauki hoton Najib ya shafa masa farar hoda da jan baki irin na wawan dandali. Hoton ya bazu a bango da riguna da wayoyi, har kotu ta yanke wa mai zanen ɗaurin wata guda da tara a farkon 2018. Manomi da mai tuƙa tasi da ba za su iya bin sarƙar kamfanonin bogi ba sun fahimci zobe da jaka, sun kuma haɗa su da sabon harajin kayan masarufi da aka ɗora musu a 2015. A watan Mayun 2018 jam'iyyun da suka mulki ƙasar tun samun 'yancin kai a 1957 suka faɗi zaɓe. 'Yan sanda suka shiga gidajen da ke da alaƙa da Najib suka fito da jakunkunan hannu fiye da 500 da dubban kayan ado. Abin da Zunar ya yi shekaru yana zanawa sai ga shi ana lodawa a mota a gaban kyamara. A 2020 kotu ta sami Najib da laifi, a 2022 ya shiga kurkuku.

Ku lura da abin da ya sa wannan dariya ta yi aiki. Tana tafe ne a bayan bincike, tana ɗauke da suna da adadi, tana nuna babba ba ƙaramin ma'aikaci ba, kuma ba ta mutu a mako guda ba. Masu zanen sun yi shekaru suna maimaita tambaya ɗaya har ta zama tambayar kowa, sun kuma biya farashi da 'yancinsu.

Masu sauraro, idan yanzu kuka buɗe akwatinku, muna magana ne kan barkwanci da zambar kuɗi, da yadda dariya kan kama ɓarawo ko ta ba shi mafaka. Mun ga inda ta kama. Yanzu bari mu duba inda ta yi masa aiki, domin mazambata su ma sun san darajarta, kuma sau da yawa sun riga mu amfani da ita.

Kowa a ƙasar nan ya ji sunan MMM, shirin nan da ya yi wa masu zuba kuɗi alkawarin ƙatuwar riba sannan ya ruguje. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne tun a 1994 Sergei Mavrodi ya yi wannan wasan a Rasha, kuma babban makaminsa talla ce ta ban dariya a talabijin. An ƙirƙiro wani talaka mai suna Lyonya Golubkov, direban motar haƙa ƙasa, marar wayo, mai sauƙin kai. Yau ya zuba kuɗi ya saya wa matarsa takalma, gobe rigar sanyi, jibi yana maganar gida. Mutane suna jiran tallar kamar yadda muke jiran wasan kwaikwayo, suna dariya suna cewa in dai wannan bawan Allah ya samu, ni me zai hana ni. A cikin shekarar shirin ya ruguje da dukiyar miliyoyin mutane. Shekara 28 bayan haka, a Fabrairun 2022, kamfanin kuɗin intanet na FTX ya ɗauki fitaccen ɗan wasan barkwanci na Amurka, Larry David, ya yi masa talla a lokacin wasan da ya fi kowane tara 'yan kallo a ƙasar. A tallar an nuna shi a matsayin mutumin da ke ƙaryata kowace sabuwar fasaha a tarihi, daga ƙafar keke har zuwa ƙwan lantarki, daga ƙarshe ya ƙi yarda da FTX. Saƙon shi ne duk mai taka-tsantsan baƙauye ne abin dariya. Wata tara bayan nan kamfanin ya durƙushe, kusan dala biliyan 8 na masu ajiya suka salwanta, mai kamfanin Sam Bankman-Fried ya sami ɗaurin shekara 25. Wanda aka yi wa dariya a tallar shi ne mai gaskiya.

Wannan salon yana nan a unguwanninmu. Duk wanda ya taɓa ƙin shiga irin wannan harka ya san abin da ake ce masa: kai dai ka cika tsoro, za ka mutu da talaucinka, mu muna cin riba kai kana lissafi. Lissafin kuwa ba shi da wuya. A adashi, mutum goma kowa ya zuba dubu goma, kowane wata mutum ɗaya ya kwashi dubu ɗari, idan an zagaye babu wanda ya ɗauki fiye da abin da ya zuba. MMM kuwa ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata. Idan ka sa naira dubu 100 ka bar ta tana hawa, a shekara guda ta haura miliyan 2 da dubu 300. Wace gona ce, wace masana'anta ce, wane fatauci ne ke haihuwa haka? Babu. Kuɗin wanda ya shigo yau ake ba wanda ya shigo jiya a ce masa riba ce, ranar da sababbin shiga suka ragu magana ta ƙare. Ranar 13 ga Disamban 2016 MMM ta rufe asusun 'yan Nijeriya, daga baya hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ce kimanin mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A watan Afrilun 2025 aka maimaita da CBEX, wadda ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, har fusatattun masu ajiya suka fasa ofishinta a Ibadan.

To bayan kowace irin wannan rugujewa, wa muke yi wa dariya? Ku duba wayoyinku. Ba mai shirin ake zanawa ba, ba manyan da suka tsaya a dandali suka tallata shi ba. Wanda aka cuta ake yi wa. A ɗauki hoton mutum yana kuka a sa masa kiɗa a watsa. Ku kawo malamin firamare a ranku, wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Abokin aikinsa ya nuna masa saƙon banki a waya, ga kuɗi sun shigo da gaske. Ya sayar da ragon da yake kiwo, ya karɓi 'yan kunnen matarsa da alkawarin zai musanya mata da waɗanda suka fi su, ya zuba. Da safe ya buɗe manhaja ta ƙi buɗewa. Da yamma ya fito majalisa, kafin ya zauna an fara: ga attajiri nan, yaushe za a raba mana? Zai yi murmushin yaƙe ya ce ai shi bai sa da yawa ba. Wannan mutumin ba zai je ofishin EFCC ba. Ba zai rubuta ƙorafi ba, ba zai tsaya shaida a kotu ba, ba zai ma gargaɗi ƙaninsa ba, domin yin haka amsa cewa an yi masa wayo ne. Kunyar da muka ɗora masa ita ce katangar da mazambaci ke fakewa a bayanta. Gaskiya ne kwaɗayi mabuɗin wahala ne, amma wanda hauhawar farashi ta cinye albashinsa ba kwaɗayi kaɗai ya tura shi ba, kuma ko da ya yi wauta, wauta ba laifi ɗaya ba ce da sata. Addininmu ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, kuma sura guda ta Alƙur'ani ta buɗe da narkon azaba ga masu tauye mudu. Mun juya abin, muna izgili ga wanda aka tauye, muna jinjina wa mai tauyewa.

Jinjinar nan ita ma cuta ce. A 2013 aka fitar da fim ɗin The Wolf of Wall Street, wanda Martin Scorsese ya ba da umarni, Leonardo DiCaprio ya fito a matsayin Jordan Belfort, dillalin hannun jari da ya damfari ƙananan masu zuba jari, ya yi wata 22 a kurkuku, aka kuma umarce shi ya biya diyyar dala miliyan 110. An yi fim ɗin da niyyar zambo, amma sa'o'i uku na jiragen ruwa da shagali sun sa matasa da yawa sun fito suna sha'awar mutumin, waɗanda ya talauta kuwa kusan ba a nuna fuskarsu ba. Daga baya hukumomin Amurka suka yi zargin cewa da kuɗin 1MDB aka shirya fim ɗin, kamfanin da ya shirya shi, wanda ɗan matar Najib yana cikin masu shi, ya amince ya biya dala miliyan 60 a 2018 ba tare da ya amsa laifi ba. Idan zambo ya ƙawata ɓarawo fiye da yadda ya tona shi, ya koma kirari. Mu ma muna da irin wannan a bakinmu. A ce wane ya iya allonsa, wane ɗan duniya ne, wane ya ci rabonsa. Yaro yana zaune yana ji, yana koyon cewa abin kunya shi ne a kama ka, ba ka ɗauka ba.

Akwai kuma satar da ba mu yi mata dariya ba sam, domin babu dabba a cikinta. Ranar 14 ga Agustan 2009 gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar: Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank. Basukan da suka bayar suka maƙale sun haura naira tiriliyan 1. An riƙa ba mutane rance su sayi hannun jari, farashi ya yi ta hawa a kan iska, wasu shugabanni kuma suka riƙa ba kamfanonin da ke da alaƙa da su bashi daga ajiyar jama'a ba tare da jingina ta kirki ba. Da kasuwar ta faɗi a 2008 rami ya bayyana. Babban Banki ya zuba naira biliyan 420 don kada masu ajiya su wayi gari babu komai, ya ƙara biliyan 200 ga wasu bankunan bayan 'yan makonni. A Oktoban 2010 tsohuwar shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi, aka yanke mata wata shida, ta sallama kadarorin da aka ƙiyasta a kan naira biliyan 191. A shekarar aka kafa hukumar AMCON don ta sayi ruɓaɓɓun basukan, kuma har yau tana bin tiriliyoyin naira. 'Yan fansho da ƙananan 'yan kasuwa da suka sayi hannun jarin bankunan nan da guminsu sun ga takardunsu sun zama ba su da daraja. Ku auna wannan da miliyan 36 ta maciji, sannan ku tambayi kanku wanne muka fi tunawa.

Za a ce irin wannan magana ta yi nauyi da wasa. Ban yarda ba. A 2015 wani darakta da aka sani da finafinan barkwanci, Adam McKay, ya yi fim ɗin The Big Short kan rikicin kuɗi na duniya na 2008. Da ya zo bayanin yadda bankunan Amurka suka tattara ruɓaɓɓun basukan gidaje suka sake musu suna suka sayar, sai ya kawo wani sanannen mai dafa abinci a kicin. Mutumin ya ɗauki kifin da ya kwana uku bai sayu ba, ya yayyanka ya zuba a miya, ya ce yanzu ya zama sabon abinci. Cikin minti guda mai kallo ya yi dariya kuma ya gane abin da aka yi masa. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta rubutu. Masu hikimar da muke da su a Kannywood da TikTok da gidajen rediyo ba su gaza wannan ba. Wanda ya iya kwaikwayon tafiyar ɗan siyasa har a faɗi don dariya, zai iya nuna mana yadda shugaban banki ke ba kansa rance da sunan direbansa, ko yadda ake kumbura kuɗin kwangila, ko yadda mai binciken littattafai ke sa hannu a kan abin da bai gani ba.

Na san akwai haɗari. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 da tara da sharar harabar kotu, kan samun su da laifin ɓata sunan gwamna. Ina kira ga mahukunta su faɗaɗa ƙirjinsu, domin shugaban da ba a iya yi wa raha a gabansa, ba kuma za a iya gaya masa an yi sata a ƙarƙashinsa ba. Su kuma masu barkwanci ina ba su shawara su riƙe abin da ya kare Zunar a idon duniya, wato su tsaya kan abin da ya tabbata. Rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa yana nan, takardun kotu suna nan, zaman kwamitocin majalisa a bainar jama'a ake yi. Zargi ba hukunci ba ne, kuma ƙage ko da ya ba da dariya zalunci ne. Wanda ya gina wasansa a kan hujja ya fi ƙarfi a gaban alƙali, ya kuma fi tasiri a gaban jama'a.

Mu 'yan jarida ma da namu nauyin. Kanun labarin da ke da maciji ya fi jan masu karatu, shi ya sa muke rububinsa. Amma wanda ya buga labarin ranar farko bashi ne a kansa ya je kotu ranar da aka ɗage shari'a karo na goma, lokacin da zauren ya zama fayau, ya dawo ya gaya wa jama'a inda aka kwana. Mazambaci ba ya tsoron hayaniyar mako guda. Ya san za ta lafa, wani sabon abin dariya zai zo ya ture ta. Abin da yake tsoro shi ne mutumin da ba ya mantuwa.

Ku kuma masu sauraro, abu uku nake roƙo. Idan aka turo muku barkwanci kan wata badaƙala, ku yi dariyarku, sannan kafin ku tura wa na gaba ku tambaya: nawa ne, na wa ne, wa ya sa hannu, ina shari'ar ta tsaya. Idan wani ya zo muku da harkar da riba ke ninkuwa a wata guda yana muku dariyar tsoro, ku bar shi ya dara, ku tambaye shi takardar rajistarsa da hukumar SEC mai kula da hannun jari, ku kuma sani sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10 ga masu irin wannan shiri. Idan kuwa maƙwabcinku ne abin ya rutsa da shi, ku rufa masa asiri a majalisa, ku jajanta masa, ku raka shi ya kai ƙara da shaidar tura kuɗinsa a hannu, domin da irin waɗannan takardu ake gina shari'ar da ke kai mazambaci kurkuku.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amma ranar nan ɗaya ba ta zuwa da kanta, sai mai kaya ya ci gaba da cigiya. Allah Ya tsare mana guminmu, Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana a kamfanoni da ma'aikatu, Ya mayar wa waɗanda aka zalunta da mafificin alheri.